Yadda Ake Shawo Kan Manhajar da Ta Ƙi Aiki, da Yadda Ake Zaɓe Tsakanin Tsayayyiyar Siga da Sigar Gwaji

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin shagunan buga takardu na Samaru a lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suke rububin miƙa kundin kammala karatu, ya san yadda fuskar mutum take sauyawa idan aka soka filasharsa a kwamfuta, aka danna fayil, fayil ɗin ya ƙi buɗewa, ko kuma ya buɗe amma shafi tamanin ya koma tamanin da bakwai, jadawalin babi na huɗu ya haye kan rubutun da ke ƙasansa. A irin wannan lokaci ba a rasa wanda zai ce daga bayan layi, "A sauko da sabuwa mana." Wannan shawara takan yi aiki jefi-jefi, amma na fi ganin ta jawo asarar yini guda da data mai yawa, musamman idan sabuwar da aka sauko da ita ta gwaji ce, wadda masu ita ba su gama ginawa ba.

Matsayina a kan wannan batu shi ne, kwamfutar da mutum yake cin abinci da ita, ko wadda kundinsa yake ciki, ta zauna a kan tsayayyiyar siga, wato fitowar manhajar da masu ita suka gama gwadawa suka saki wa kowa. Ba a zuwa wurin sigar gwaji sai an san takamaiman gyaran da ake nema a cikinta, kuma ko an je, a gefe ake ajiye ta, ba a ɗora ta a kan wadda ake aiki da ita ba. Kafin a kai ga wannan ma, akwai hanyoyi masu sauƙi da araha da ya kamata a fara gwadawa, kuma su zan bi ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, a san sunayen

Kusan kowace sananniyar manhaja tana fitowa ne ta ƙofofi da yawa a lokaci guda. Firefox tana da Nightly wadda ake ginawa kullum, da Beta, da wadda ake bai wa kowa duk bayan mako huɗu, da kuma ESR wadda ake barin ta kusan shekara ba a sauya mata fasali, gyaran tsaro kawai ake yi mata. Chrome tana da Canary da Dev da Beta da Stable. A Ubuntu, wadda ɗaya ce daga cikin nau'o'in Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows), lambar siga shekara ce da wata: 24.04 ta fito a watan Afrilu na 2024, kuma da yake tana ɗauke da alamar LTS, ana kula da ita shekara 5, alhali waɗanda suke fitowa a tsakani wata 9 kawai ake kula da su. Debian, wata Linux ɗin, tana da stable, wato tsayayyiya, da testing da unstable, na gwaji. QGIS, wadda ɗaliban nazarin ƙasa da safiyo suke zana taswira da ita, tana fitar da sabuwa duk bayan wata huɗu, tana kuma da mai alamar LTR don masu son zama lafiya.

Idan ka ga alpha, ko beta, ko RC, ko nightly, ko dev, ko preview a jikin sunan fayil, to ka san kayan gwaji ne. Idan ka ga LTS, ko LTR, ko ESR, to ka san an yi ta ne don wanda ba ya son a motsa masa komai. A lamba mai gida uku kamar 3.34.5, yawanci gidan ƙarshe gyaran kura-kurai ne kawai, na tsakiya ƙarin sababbin abubuwa ne, na farko kuwa idan ya sauya ana iya samun abin da ya daina dacewa da na baya. Saboda haka tashi daga 3.34.4 zuwa 3.34.5 ba abin fargaba ba ne, amma tashi daga 3 zuwa 4 yana buƙatar shiri.

Mataki na ɗaya: rubuta abin da ke gabanka

Kada ka taɓa komai sai ka san abu huɗu. Wace babbar manhaja ce take tafiyar da kwamfutar, kamar Windows ko Linux, kuma wace siga? A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta winver, za ta nuna maka. Mai bit 32 ce ko mai bit 64? Wannan yana cikin Settings, a ƙarƙashin System, sashen About. Wace siga ce ta manhajar da ta ƙi aiki? Yawanci tana cikin Help, sannan About. Na huɗu, kuma wanda aka fi yin sakaci da shi, mene ne ainihin saƙon da ta rubuto? Mutane sukan rufe akwatin saƙon da sauri sannan su ce "ta nuna wani abu". Ɗauki hotonsa da wayarka kafin ka rufe, domin sau da yawa sunan abin da ya ɓace yana rubuce a ciki ƙarara.

Sai ka tambayi kanka: jiya tana aiki? Idan tana yi, me ya sauya tsakanin jiya da yau? Ruwa ba ya tsami banza. Ko an yi sabuntawa cikin dare, ko an sa sabuwar firinta, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar girka wani abu, ko fayil ɗin daga wata kwamfuta aka kawo shi. Amsar wannan tambaya ita za ta gaya maka ko laifin na fayil ne, ko na manhaja, ko na babbar manhajar da ke ƙarƙashinta.

Mataki na biyu: tanadi hanyar komawa

Kwafi fayilolin aikinka zuwa filasha ko ma'ajiyar waje, sannan ka zare ta daga jikin kwamfutar. A Windows, nemi Create a restore point ka ƙirƙiri maki na komawa, ka ba shi sunan da za ka gane, kamar ranar da abin da kake shirin yi. Masu Linux Mint suna da Timeshift don wannan aiki. Ka tuna cewa makin komawa fayilolin tsarin kwamfuta yake mayarwa, ba ya dawo da kundinka idan ya lalace, shi ya sa kwafin filasha yake gaba da shi. Haka kuma ka tabbata kana da fayil ɗin girka tsohuwar sigar da lambar lasisinta kafin ka cire ta, kada ka saki reshe ka kama ganye. Idan laftof ce, batirinta ya kasance a cike. Idan ta tebur ce kuma ba ka da na'urar riƙe wuta, jira sai an tada janareto, domin girkin da wuta ta katse a tsakiya ya fi wanda ba a fara ba wahalar gyara.

Mataki na uku: gyara fayil kafin ka taɓa manhaja

Mafi yawan abin da ake kira rashin dacewa a shagunan Zariya ba ciwon manhaja ba ne, saɓani ne tsakanin kwamfutar da aka yi aiki a kanta da wadda aka kawo shi. Ƙa'idar ita ce sabuwar siga tana buɗe fayil ɗin tsohuwa, amma tsohuwa ba lalle ta buɗe na sabuwa ba. Maganin yana hannun wanda ya yi aikin. A CorelDRAW, akwatin Save As yana da wurin zaɓen Version, inda za ka adana zanen a matsayin na tsohuwar sigar da mai injin bugawa yake da ita. Kafin nan ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl da Q don ya koma zane, ta yadda ko babu irin haruffanka a can ba zai sauya ba, amma ka ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba saboda gyaran gaba. A AutoCAD, ana iya adana zane a tsarin DWG na 2013 ko na 2010 maimakon na 2018. Idan kuwa bugawa kawai za a yi, ba gyara ba, mayar da shi PDF a kwamfutarka, ka duba shi shafi-shafi, shi za ka kai.

Tarwatsewar shafuka a Word kusan kullum daga nau'in haruffa, wato font, take. Idan ka rubuta da Calibri aka buɗe a kwamfutar da ba ta da shi, za ta maye gurbinsa da wani mai faɗi daban, layuka su zame, shafuka su ƙaru. A Word, shiga File, Options, Save, ka kunna Embed fonts in the file. Mai amfani da LibreOffice, madadin Word na kyauta, ya girka Carlito da Caladea, domin an yi su daidai faɗin Calibri da Cambria, kamar yadda Liberation Serif ya yi daidai da Times New Roman.

A nan akwai matsalar da ta shafe mu mu kaɗai, wadda nake ganin ta cancanci a tsaya a kanta. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu rubutun Hausa sun yi dabarar amfani da wasu haruffa na musamman da aka zana ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba. Dabarar ta yi amfani ƙwarai a zamaninta, kuma akwai littattafai da kundaye da takardun lacca masu yawa da aka rubuta da ita. Amma idan aka buɗe irin wannan fayil a kwamfutar da ba ta da waɗancan haruffa, sai a ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya, ~angare a maimakon ɓangare. Mutane sukan ɗauka fayil ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Gyara na wucin gadi shi ne a nemo tsofaffin haruffan a girka. Gyara na dindindin shi ne a yi kwafin fayil ɗin, a buɗe Find and Replace da Ctrl da H, a maye kowace alama da harafinta na gaskiya, manya daban, ƙanana daban. Don samun harafin a Word, rubuta U+0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ; U+0257 zai ba ka ɗ; U+0253 zai ba ka ɓ; manyansu kuwa U+0198 da U+018A da U+0181 ne. Sai dai kada ka danna Replace All ido rufe a kan baka mai kusurwa, wato ], domin a kundin ilimi tana iya zama baka ce ta gaske a cikin ambato. Bi su ɗaya-ɗaya a shafukan farko har ka ga yadda marubucin ya yi amfani da su. Bayan ka gama, sa rubutun duka a haruffan da suke ɗauke da waɗannan baƙaƙe, irin su Times New Roman ko Charis SIL ko Noto Serif. Daga ranar ba zai sake rikicewa a kwamfuta ko waya ba, kuma za a iya neman kalma a cikinsa.

Mataki na huɗu: ba manhajar abin da ta rasa

Idan manhajar ce kanta ta ƙi tashi, koma ga hoton saƙon da ka ɗauka. Idan ya ambaci MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll, abin da ta rasa shi ne Visual C++ Redistributable, kuma daga shafin Microsoft ake saukar da shi. Manhaja mai bit 32 tana buƙatar na x86 ko da kuwa Windows ɗin mai bit 64 ce, don haka girka duka biyun, na x86 da na x64, ya fi sauƙi. Ina gargaɗi da babbar murya a kan shafukan da suke raba fayilolin dll ɗaya-ɗaya: ba ka san wanda ya taɓa su ba, kuma hanya ce sananniya ta shigar da bairos. Idan tsohuwar manhaja ta nemi .NET Framework 3.5, yana cikin Windows 10 da 11 a kashe. Nemi Turn Windows features on or off ka kunna shi, zai buƙaci intanet na ɗan lokaci.

Idan manhajar ta zamanin Windows XP ce ko Windows 7, danna ta da maɓallin dama na linzami, shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi tsohuwar Windows ɗin da aka yi ta dominta. Gwada wannan shi kaɗai tukuna. Idan bai yi ba, sannan ka ƙara Run as administrator. Sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji, domin idan ka sauya uku ta tashi, ba za ka san wanne ya yi aikin ba, kuma gobe a wata kwamfutar za ka sake lalube. Akwai iyakar da wannan dabara ba ta tsallakewa: Windows mai bit 64 tana gudanar da manhaja mai bit 32 ba tare da matsala ba, amma ba ta gudanar da mai bit 16, kuma direban firinta ko sikana, wato 'yar manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, dole ya dace da bit ɗin Windows, babu wata dabarar Compatibility da za ta sa direba mai bit 32 ya yi aiki a mai 64.

Mataki na biyar: idan kwamfutar ce ta tsufa

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shaguna na hannu ne, kuma da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wadda take neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama ko makamanciyarta. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, ta kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Masu yin manhajoji sukan bi sahu. A Windows 7, Chrome ta tsaya a siga ta 109, Firefox ta tsaya a 115, Python kuwa ta tsaya a 3.8. Duk wanda ya yi ƙoƙarin cusa abin da ya wuce waɗannan lambobi a Windows 7 yana ɓata datarsa ne.

Shawarata ga mai irin wannan kwamfuta iri biyu ce. Idan aikinta tafiyar da wata tsohuwar firinta ko injin yankan sitika ne, a bar ta yadda take, a raba ta da intanet, a riƙa binciken duk filashar da za a soka mata. Idan kuwa da ita ake shiga banki da imel da shafin rajistar makaranta, bai kamata ta zauna ba gyaran tsaro ba. A gwada Linux Mint ko Ubuntu mai alamar LTS. Ba sai an girka ba kafin a san ko za ta dace: a ɗora ta a filasha, a tada kwamfutar daga filashar, a gwada waya-fai da sauti da firinta, in komai ya yi sannan a yanke shawara.

Wanda ya koma Linux amma yana da manhajar Windows guda ɗaya da ba zai iya rabuwa da ita ba, Wine zai gwada, wato manhajar da ke tafiyar da manhajojin Windows a Linux. Kafin ya girka, ya duba sunan manhajar a rumbun AppDB na shafin WineHQ, inda masu gwaji suke ba kowace daraja daga Platinum da Gold da Silver da Bronze har zuwa Garbage, tare da sigar Wine da suka yi gwajin da ita. Wine tana fitar da tsayayyiya sau ɗaya a shekara, 9.0 a Janairun 2024, 10.0 a Janairun 2025, ta gwajinta kuwa kusan duk mako biyu. Wannan yana cikin wuraren da nake yarda a duba ta gwaji da wuri, domin tazarar shekara tana da yawa kuma gyaran da kake nema yana iya kasancewa can. Amma kowace manhaja a ba ta gidanta daban ta hanyar WINEPREFIX, don abin da aka sauya saboda wannan kada ya ɓata waccan.

Mataki na shida: raba musu ɗaki

Sau da yawa ba zaɓi ake buƙata tsakanin tsohuwa da sabuwa ba, zama da duka biyun ake buƙata ba tare da sun haɗu ba. Manhajoji da yawa suna da siga mai tashi daga folda ba tare da an girka ta ba, irin waɗanda ake samu a PortableApps, ko AppImage a Linux. Ɗalibin da yake nazarin alƙaluma da Python ya buɗe wa kowane aiki muhallinsa da umarnin python -m venv, kuma ranar da lissafinsa ya fito daidai ya rubuta pip freeze > requirements.txt, ya ajiye wannan fayil tare da kundinsa. Idan bayan wata shida mai duba shi ya ce a sake lissafin babi na huɗu, da wannan ɗan fayil zai dawo da ainihin sigogin da ya yi aiki da su. Hanya mafi ƙarfi ita ce VirtualBox, wato kwamfuta a cikin kwamfuta, inda za ka girka tsohuwar Windows ko wata Linux, ka ɗauki hoton yanayinta kafin kowane gwaji, ka koma kansa idan abu ya ɓaci. Sai dai tana cin ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM. A laftof mai gigabait 4 za ta yi ta jan ƙafa, sai da 8 zuwa sama ake jin daɗinta.

Mataki na bakwai: shawarar sigar gwaji

Wani mai shagon zane da buga katin biki a Tudun Wada ya taɓa kirana da sassafe, yana cewa, "Malam, don Allah ka leƙo, aikin mutane ya maƙale mana." Da na je na tarar yaronsa, mai hazaƙa da son koyo, ya ga an sanar da sigar gwaji ta manhajar da suke zane da ita, ya ɗora ta a kan tsohuwar cikin dare, ya kuma buɗe katuna da kalandun da za a karɓa a makon ya adana su da ita. Da gari ya waye manhajar tana rufe kanta duk lokacin da aka zo fitar da aiki, kwamfuta ta biyu kuma mai tsohuwar siga ta ƙi buɗe fayilolin. Yaron ya tsaya a gefe yana cewa, "Wallahi Maigida, na ga an ce ta fi sauri ne." Abin da ya cece su shi ne filashar da maigidan yake kwafe aiki a cikinta duk ranar Alhamis, aikin kwana uku kawai aka sake. Ban ga laifin sha'awar yaron ba, domin da irinta ake zama gwani. Wurin da ya yi gwajin ne ba daidai ba.

Kafin ka sauko da sigar gwaji, amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya. Shin ka karanta bayanin sauye-sauyenta, ka ga an ambaci ainihin matsalarka an ce an gyara? Idan amsar ita ce "wataƙila", to babu dalilin zuwa. Shin gyaran zai iso tsayayyiya nan kusa? A Firefox, abin da ke Beta yau yakan iso hannun kowa cikin makonni kaɗan, LibreOffice kuma tana fitar da babbar siga a Fabrairu da Agusta da ƙananan gyare-gyare a tsakani, saboda haka haƙuri yakan fi sauƙi. Shin akwai hanyar tsakiya? Masu Debian suna da backports, inda ake kawo sabuwar sigar manhaja ɗaya a ɗora a kan tsayayyen tsari ba tare da an motsa saura ba. Shin akwai aikin da za ka miƙa a cikin mako biyu masu zuwa? Idan akwai, ka dakata, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ba a cika kawo shi a lissafi ba. Ranar 29 ga Maris, 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya bayyana cewa an dasa ƙofar kutse a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux take amfani da ita, a sigoginta na 5.6.0 da 5.6.1. Ya gano ta ne bayan ya lura shiga kwamfutarsa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana ɗan jinkiri fiye da ƙima. Gurɓatacciyar sigar ta riga ta shiga Debian testing da unstable da Fedora Rawhide, waɗanda duk na gwaji ne, amma ba ta kai ga Debian stable ko Ubuntu LTS ba, saboda jinkirin da ake yi kafin a shigar da sabon abu cikinsu. Wannan jinkiri da masu gaggawa suke ƙorafi a kansa shi ne katangar. Duk da haka kada a ɗauka tsayayyiya ba ta kuskure: ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa da kamfanin CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi. Shi ya sa a shago mai kwamfuta uku nake ba da shawarar a sabunta ɗaya tukuna, a yi aiki da ita kwana biyu ko uku, sannan a bi sauran. Gyaran tsaro kuwa kada a bar shi ya wuce 'yan kwanaki.

Idan ka amsa tambayoyin kuma har yanzu kana buƙatarta, ga yadda za ka yi. Sauko da ita daga shafin masu ita kaɗai, ba daga rukunin WhatsApp ko filashar aboki ba. Idan sun wallafa lambar tantancewa ta SHA256, buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin ka kwatanta. Wannan yana kama fayil ɗin da ya yanke a hanya, abin da yake yawan faruwa idan sabis yana rawa. Girka ta a folda daban. Chrome Canary da Firefox Nightly suna zama kusa da tsayayyunsu ba tare da sun taɓa su ba, haka ma LibreOfficeDev. Kada ka buɗe ainihin fayilolinka da ita, kwafinsu za ka buɗe, a cikin foldar da ka rubuta wa suna "gwaji", domin fayil ɗin da sabuwa ta adana yana iya ƙin komawa tsohuwa. Kada ka shiga banki ko ka adana kalmomin sirri a cikinta.

Inda nake cewa a'a kai tsaye shi ne gwajin babbar manhaja a kwamfutar aiki. Shirin Windows Insider, na gwada Windows kafin ta fito, yana da ƙofofi, kuma wanda ya shiga ta Canary ko Dev sau da yawa ba shi da hanyar fita sai ya goge komai ya girka Windows daga farko. Ko a sabuntawa ta yau da kullum, kwana 10 kawai Windows take bayarwa na komawa tsohuwar siga kafin ta share ta. Mai son ganin abin da ke tafe ya yi shi a VirtualBox ko a wata kwamfutar da ba a dogara da ita ba.

Mataki na takwas: kai rahoto, sannan ka koma gida

Sigar gwaji an fitar da ita ne don a gwada a faɗi abin da aka gani, kuma mu masu rubutu da Hausa muna da abin faɗa da wasu ba za su lura da shi ba, kamar harafin ƙ da ya fito a karkace, ko neman kalma da ya kasa bambanta ɗ da d. Mozilla da LibreOffice suna karɓar rahoto ta Bugzilla, QGIS kuma ta GitHub. Rahoto mai amfani gajere ne: lambar sigar, babbar manhajar da kake kai, abin da ka danna bi da bi, abin da ka sa ran gani, da abin da ya faru, tare da ɗan ƙaramin fayil na misali wanda ba ya ɗauke da sirrin kowa. Turanci mai sauƙi ya wadatar. Ka fara neman ko wani ya riga ka kai irinsa, in ka samu sai ka ƙara bayaninka a ƙarƙashinsa.

Daga nan ka riƙa duba bayanin kowace tsayayyiyar siga da ta fito. Ranar da ka ga gyaran da ya kai ka wurin ta gwaji ya shigo, sabunta tsayayyiyar, buɗe kwafin fayil ɗinka ka tabbatar matsalar ta tafi, sannan ka cire ta gwajin tare da foldarta. A ƙarshe buɗe wani ɗan fayil na rubutu a filashar ajiyarka, ka rubuta ranar, da sunan manhajar, da sigar da ta yi aiki, da dabarar da ta warware matsalar, ka ajiye fayil ɗin girka wannan sigar a kusa da shi, domin ranar da aka sake yi wa kwamfutar wanki ko aka sayo wata, daga wannan folda za a fara.